Gulbin da Na Jera da Duwatsu

Da ƙarfe biyu da kwata na rana abin ya fara lalacewa. Na san lokacin domin ranar ina ɗaure da agogon malaminmu na zane, wanda ya ara mini don kada in makara komawa makaranta. Na hawo gangaren kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, ɗauke da bokitin farar ƙasa, sai na tarar da wani mutum tsaye a tsakiyar aikina, ya fuskanci gabas ya yi kabbara. Tifarsa tana gefen hanya, ko injin bai kashe ba. Na ajiye bokitin na jira. Ya idar da azahar ɗinsa, ya shafa addu'a, sannan ya duƙa ya ɗebi 'yan duwatsu daga cikin nawa ya matsar da su zuwa hagu. Ya ja da baya ya dube su, ya ƙara gyara ɗaya, ya hau motarsa ya tafi. Bai gan ni ba. A wancan lokacin mutane ba su cika ganina ba, ni kuma haka na fi so.

Ina ajin ƙarshe a makarantarmu da ke bayan garin Talata Mafara. A shekarar ne aka ce akwai gurbi ɗaya na ƙarin karatu a fannin zane, gwamnati za ta ɗauki nauyi, kuma wani jami'i zai zo daga Sakkwato ya duba aikin kowane ɗalibi ya zaɓi mutum guda. Wanda ba a zaɓa ba an san inda za shi: sababbin makarantun firamare da ake ta buɗewa a ƙauyuka suna neman malamai ido rufe. Babana ya ce in gwamnati ta ɗauke ni ya yarda in tafi, in ba ta ɗauke ni ba in riƙe alli kamar kowa. Ni da ko amsa sunana a aji sai an ce in maimaita, na kan kwanta ina tunanin kaina tsaye gaban yara cike da ɗaki, ina magana tun safe har azahar, kullum, har in tsufa. Gurbin nan ne kaɗai hanyar da na gani ta samun aikin da ake yi baki rufe.

Malaminmu na zane baƙo ne, a Zariya ya yi karatu, yana haya a wani ɗaki kusa da tasha. Yana da wata tsohuwar mujalla da bangonta ya cire, wadda yake nuna mana da yatsa biyu kamar za ta narke. A ciki akwai hotunan wasu mutane a wata ƙasa da suka daina zane a takarda, suka koma suna jera duwatsu da itatuwa a fili, a bakin ruwa ko a kan tudu, su bar su rana da ruwan sama su yi yadda suka so da su. Ya ce wannan shi ne zanen da ba a rataye shi a bango, kuma duk wanda ya yi irinsa jami'in ba zai manta da shi ba. 'Yan ajinmu suka saurare shi da ladabi, suka koma suka zana buta da kwano da ƙwaryar nono. Ni kaɗai na ce zan yi na fili. Malam ya ɗauka ƙarfin hali ne. Gaskiyar ita ce a fili babu mai tsayuwa a bayana yana leƙen abin da nake yi.

Fili kuwa ba wuyar samu yake ba a lokacin. Aikin dam na Bakolori ya baje ƙasar tun daga Maradun har wajen Bakura. Katafiloli sun share gonaki da itatuwa da gidajen gara, ko'ina ya zama shimfiɗa ɗaya, an tsaga ta da kanal na siminti miƙaƙƙu kamar an ja su da rula. Mutum sai ya tsaya a gonar ubansa bai sani ba. Malam ya samo mini izinin wani ɗan fegi tsakanin babban kanal da hanyar da manyan motoci ke bi, ya kuma roƙi wani direba ya zubar mana da ragowar fasasshen dutse a wurin.

Abin da zan jera ban sha wuyar zaɓensa ba. Kakata ta wajen uwa tana zaune a gidanmu tun da ruwan dam ya cinye ƙauyensu a ƙasar Maradun. Ba ta yawan zancen ƙauyen, amma tana zancen gulbin kamar wani dangi mai taurin kai. Na zaunar da ita a tsakar gida na ce ta nuna mini yadda yake tafiya kafin a tare shi. Ta zana da yatsa a ƙasa, na kwafa, ta ce ba haka ba, ta share da tafin ƙafa ta sake. Mun yi kwanaki muna haka. A ƙarshe ga yadda ya fito: gulbin yana zuwa a miƙe daga kudu, sai ya karya ya zagaye ƙauyen ta gefe uku kamar bangon ɗaki, a tsakiyar gefen gabas ya yi wani ɗan lungu da ya kutsa waje, inda mata ke wanki, sannan ya dawo kusa da inda ya faro ya miƙe ya yi arewa. Ta yamma kaɗai ake shiga ƙauyen ba a jiƙa ƙafa ba.

"To 'yar boko," in ji Kaka, "kin samu gulbi. Sai ki nemo ruwa ki zuba mai."

Na auna filin da igiya mai ƙulli-ƙulli da turaku. Na ware duwatsun bisa girmansu, na wanke su, na shafe kowanne da farar ƙasa, na jera su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fi ɗan'uwansa nisa. Cikin zagayen na tsince tsakuwa na share shi fes, don a ga inda ƙauyen yake. Na yi makonni ina wannan, ina zuwa da sassafe da kuma lokacin hutun rana.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi da fararen duwatsu da aka jera a gefen hanya, gefe uku, da ɗan lungu a gabas da ƙofa a yamma, ciki a share. Tsakanin Gusau da Sakkwato babu inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga irinsu ba, matafiya da manoma ke jera su don su sami wurin salla. Ni kaina na gan su ba adadi. Amma ina kallon nawa aikin ne daga takarda, Malam kuma yana kallonsa daga mujalla, don haka mu biyu ne kawai a duk faɗin Mafara ba mu ga masallaci ba.

Laifin da direban tifar da ya yi sallar nan ya samu a aikin ɗaya ne. Lungun wankin matan ƙauyen Kaka ya kalli gabas sosai har ya ɗan karkata kudu, alƙibla kuwa tana ɗan karkata arewa. Shi ne ya gyara.

Da ya tafi na ɗauko igiyata na mayar da duwatsun inda suke. Washegari da rana na tarar sun koma hagu. Na mayar. Suka koma. Haka muka yi ta yi, ni da mutanen da ban taɓa yi wa magana ba: da safe gulbi ne, da azahar masallaci. Ban yi fushi ba tukuna. Har na ɗan yaba musu, domin kullum daidai wuri ɗaya suke ajiye duwatsun, ba tare da igiya ba.

Sai abubuwa suka fara ƙaruwa. Wata rana na tarar da buta. Wata rana tabarmar kaba a naɗe. Wata baiwar Allah ta aiko da randa aka kafa a gefe, ana cika ta daga kanal. Wani ya dasa dogon yaro ya kewaye shi da ƙaya. Leburorin da ke gyaran kanal, da direbobi, da Fulanin da ke bi da shanu ta bakin hanya, da masu zuwa ban-ruwan alkama, duk suka gane wurin. Da sahu ya cika, sai aka fara ɗibar duwatsu daga jelar gulbin ta kudu da ta arewa ana faɗaɗa zagayen. Gulbin yana gajarta, ƙauyen Kaka yana girma fiye da yadda ya taɓa yi a zamaninsa.

Malam ya ce in kafa allo. Na rubuta a kan wani katako da kyakkyawan rubutu cewa wannan zanen gulbi ne na ɗalibar makaranta, don Allah kada a taɓa. Yawancin masu zuwa wurin ba sa karanta boko, amma sun san katako mai kyau. Ya zama murfin randa.

Wata safiya na zo da wuri da niyyar mayar da lungun, sai na tarar da wani tsoho yana shara. Mai gadin ƙofar ruwa ne a kanal, kuma na ji daga baya cewa shi ya naɗa kansa ladan. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi gida, da gajiya, da karatu, da iyayena, da sanyin safiya, na amsa a hankali yadda na saba. Ya dubi bokitin farar ƙasa a hannuna.

"Ashe ke ce mai shafe muna duwatsun ga? Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Allah shi gina miki gida a Aljanna."

Na ce amin.

"Amma akwai wasu 'yan banzan yara," ya ce, ya rage murya, "kullum da safe sai sun zo sun karkatar muna da alƙibla. Na yi kwanto ban kama su ba. In kin gane su ki hwaɗa mini, ko ɗiyan wa ne."

Na ce, "To, Baba."

Na shafe duwatsun da farar ƙasa a inda suke, a hagu, ya tsaya yana sa mini albarka, na koma makaranta. Daga ranar ban sake taɓa lungun ba. Ba tsoron tsohon kaɗai ba ne. Da mutum ɗaya ne ya yi salla ya wuce, da sauƙi. Yanzu ana kiran salla a wurin, ana sahu, kuma ban san hukuncin wadda ta rushe irin wannan wuri don neman maki ba.

Tambayata ɗaya ce, na kuma tsara ta a raina yadda za ta fita a numfashi guda: aikin nan har yanzu nawa ne, za a duba shi a ba ni maki, ko ya zama masallaci na tashi a banza? Sauya aiki ba zai yiwu ba, an riga an aika Sakkwato cewa nawa na fili ne, duwatsu kuma babu wasu, direban da ya kawo su an mayar da shi wani sashe.

Na fara da Malam. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce wannan tambaya ce mai zurfi, kuma a ƙasashen da suka ci gaba babban abin alfahari ne aiki ya shiga hannun jama'a. Na ce ko zai je ya yi wa jama'ar bayani. Ya ce shi baƙo ne a garin nan, haya yake yi, kuma mai gidan nasa yana da gonar alkama a wajen. Na ce to jami'in zai ba da maki? Ya mayar da tabarau ya ce Allah ne masani.

Sai Babana. Shi tela ne a kasuwa, kuma labari ya riga ni isa wurinsa ta wata fuskar. Ranar Talata mutane suna tsayawa a rumfarsa, har waɗanda ba su taɓa kawo masa ɗinki ba, suna cewa sun ji ɗiyarsa ta gina masallaci a bakin kanal da hannunta, yarinya mai kunya, ko magana ba ta yi. Ya dawo gida fuskarsa tana sheƙi. Na bari ya ci tuwo sannan na durƙusa na faɗi tambayata.

"Gulbi?" ya ce. "Wane gulbi?"

Na yi bayani. Ya ci gaba da sakace.

"Wa kika hwaɗa ma wanga zance?"

"Malam kaɗai."

"To ya isa haka nan. Zan tambayi liman."

Ya tambaya kuwa, ko da yake ban san yadda ya tsara tambayar ba. Amsar da ya dawo da ita ita ce, liman ya ce al'amarin yana komawa ga niyya, sai dai akwai niyyar wanda ya jera da niyyar waɗanda suka yi salla, kuma zai duba littattafai, a dawo bayan an yanke alkama. Jami'in kuwa kafin yankan alkama zai zo.

Kaka tana jin mu daga bakin murhu. Da Baba ya fita na matsa kusa da ita, ko za ta ji haushin an ɓata mata gulbi ta ba ni ƙarfin gwiwa.

"Sun kauda lungun wankinku, Kaka."

"Shi gulbin na gaske ma an kauda shi ba a tambaye ni ba," in ji ta, "balle na dutse. Miƙo mini mara."

Ranar da jami'in ya zo, an jera zanen 'yan ajinmu a bango tun safe. Bai iso ba sai bayan azahar. Dattijo ne mai furfura a gemu, da farar babbar riga da baƙin takalmi sau-ciki mai sheƙi. Ya bi butoci da kwanoni da ƙoren nono ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Da ya gama Malam ya ce saura ɗaya a waje. Muka shiga Landiroba, su a gaba ni a baya, na riƙe igiyata a cinya ban san amfanin da za ta yi ba.

Muna tsayawa a bakin kanal ana tayar da iƙamar la'asar. Malam ya buɗe baki zai yi magana, jami'in ya riga shi.

"Alhamdu lillahi, mun dace. Mu yi salla tukuna, sai mu je ga aikin."

Ya yi alwala daga randar, ya cire takalmansa a bakin duwatsun ya shiga. Da mutane suka ga riga da gemu sai suka dare, tsohon ladan ya kama hannunsa ya tura shi gaba. Ya ɗan yi musu na al'ada, sannan ya shiga lungun ya tsaya daidai inda matan ƙauyen Kaka suke wanki, ya ja salla. Malam ya shiga sahu na biyu. Ni na tsaya a inuwar mota tare da igiyata.

Bayan sallama aka yi gaisuwa mai tsawo. An tambaye shi hanya, da mutanen Sakkwato, da iyali, da zafi. Shi ma ya tambayi ruwa, da alkama, da shanu. Ya yaba da tsaftar wurin. Ladan ya waiga zai nuna wadda ke shafe duwatsun, na koma bayan mota. Da jama'a suka watse jami'in ya sa takalmansa ya zo yana gyara hula.

"To Malam, ina aikin ɗiyar? Da nisa?"

Malam ya dubi kanal kamar yau ya fara ganin ruwa. Na fahimci in ban buɗe baki yanzu ba, zan buɗe shi kullum a gaban yara har in tsufa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "yanzu ka fito daga ciki."

"Na'am?"

Na maimaita da ƙarfi. Ina jin wannan ce magana mafi ƙarfi da na yi tun da aka haife ni, har wani Bafulatani da ya yi nisa ya waigo.

Jami'in ya dubi duwatsun, ya dube ni, ya dubi Malam. Ya ce in yi masa bayani. Na bi ta wajen zagayen ina nunawa, ban taka ciki ba. Nan gulbin ya fito daga kudu, da ya fi haka tsawo, an ɗebe. Nan ya karya. Cikin nan ƙauyen kakata ne, yanzu yana ƙarƙashin dam. Nan kuma wurin wanki ne.

"Nan inda na tsaya?"

"Nan ne, ranka ya daɗe. Amma da ya fi kallon dama. Su suka matsar."

"Sun matsar daidai," ya ce.

Ya tattare rigarsa ya hau gangaren kanal don ya gani daga sama, muka bi shi. Daga can ana ganin komai: farin zagaye a kan jar ƙasa, da guntun jela ta kudu da ta arewa, da randa, da ɗan dogon yaro cikin ƙaya, da sawun gwiwoyi a cikin rairayi sahu-sahu. Bayansu kuma filin da aka baje har iyakar gani. Ya daɗe a tsaye hannuwa a baya. Wata tifa ta wuce, direban ya rage gudu ya ɗaga wa wurin hannu, ko da yake babu kowa a ciki. Malam ya fara cewa wani abu game da ƙasashen da suka ci gaba, jami'in ya ɗaga masa yatsa ɗaya ya katse shi.

Tun da bakina ya riga ya buɗe, na ga gara in ƙarasa. Na faɗi tambayata yadda na tsara ta, a numfashi guda, ina kallon ƙasa. Aikin nan nawa ne za a ba ni maki, ko ya zama masallaci?

Ya sauko daga gangaren a hankali, yana kare rigarsa daga ƙasa. Sai da ya kai ƙofar mota ya juyo.

"Masallaci dai ba ni da ikon ba shi maki, ɗiyata, ina tsoron Allah. Amma na daɗe ina yawon duba zanen yara, ban taɓa cire ma ko ɗaya takalmi ba sai naki. Ki je ki shirya akwatinki. Duwatsun kuwa ki bar musu."